Ruwan rufin maƙwabcinmu zai kayar mana da ɗakin Inna, ku ba ni shawara

Maman Hanifa: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ku yi haƙuri da tsawon rubutun, tun daren jiya hankalina ba ya jikina. A Garwa ta Kamaru muke, unguwar kam ba zan faɗa ba, don akwai dangin mutumin a cikin nan. Gidanmu na gado ne, marigayi Baba ya gina shi da ƙasa tun kafin a haife ni. Sauran ɗakunan mun yi musu kwano daga baya, na Inna ne kaɗai har yanzu soro da azara, ta ce ita ba za ta gasu a ƙarƙashin kwano da zafin watan Afrilu ba.

Maƙwabcinmu na gabas, Alhaji, mahaifinsa aminin Baba ne na ƙut da ƙut. Tare suka yi fataucin goro, tare suka sauke farali. Filin da suke ciki ma Baba ne ya yanka wa tsohon daga namu, ko dala bai karɓa ba. Ni kaina uwar Alhajin ce ta goya ni, ranar aurena ita ta raka ni ɗakin miji. Da tsohon ya rasu sai Alhaji ya saye rabon ƙannensa, ya rushe ginin ƙasar da rani, ya tayar da na bulo mai tsawo, ya kawo shi daf da bangonmu. Kwanon kuma ya karkato da shi ta wajenmu, bakinsa ya leƙo kan soron Inna, ba indararo ba komai. Tun ruwan fari duk abin da ya sauka a kan rufinsa a kan soron nan yake ƙarewa. Yaɓen sama ya cinye, kusurwa biyu na yoyo, jiya wani gudan ƙasa ya ɓallo ya faɗi a gefen gadonta, Allah ya sa ta fita alwala.

Ƙanena ya yi masa magana, ya ce a bari damina ta wuce. Na shiga wurin uwargidansa, ta ce ita ba ruwanta da harkar gini. Maigidana direba ne, yana hanyar Ngaundare zuwa Kuseri, ya ce kada in taɓuka komai sai ya dawo. Ga Agusta ya kama. Ga kuma maganar aure tsakanin ƙanen nawa da 'yar yayan Alhajin, har an kai kayan na gani ina so. Ina zan nufa?

Ɗan Yalwa: Subhanallahi. Ku fara fitar da Inna daga ɗakin tukuna, Hajiya.

Alhaji Mai Shago: Hajiya, ajiye tarihin goro da aikin hajji a gefe, ba su tare ruwa. Ki saurare ni da kyau. Da zarar an fara ruwa ki sa yaro ya ɗauki bidiyo, a ga yadda yake kwararowa daga kwanonsa zuwa kan soronku. Washegari ki kira usiye, wato ma'aikacin shari'ar nan da ke zuwa ya gane wa idonsa ya rubuta, ya yi miki konsta, takardar shaidar abin da ya gani, ya kai wa Alhajin takardar gargaɗi har gida. Mutum irin wannan takarda mai hatimi kawai yake jin tsoro. Na yi da wani a Marwa, shekara da shekaru ina sallama ina roƙo, ranar da takarda ta isa hannunsa da kansa ya hau tsani. Kada wanda ya ruɗe ki da zuwa wurin jauro, wato mai unguwa. Wanda ya iya rushe gida ya tayar da na bulo a rani ɗaya, kina ganin jauro zai ɓata masa saboda ke?

Baba Magini: 'Yata, shari'a ba fannina ba ce, amma soro na san shi. Ba a yi soro don ya ɗauki ruwan wani rufin ba. Ruwan sama ɗigo-ɗigo yake sauka a kansa ya gangara ya bi indararo. Wanda ya taru a kan kwano ya zubo daga sama a layi ɗaya kuwa haƙa yake yi. Ki lissafa: ruwan milimita 1 a kan murabba'in mita 1 lita guda ce. In ɓarin kwanon da ya fuskance ku ya kai murabba'in mita 50, aka yi ruwan milimita 40 a dare ɗaya, lita 2,000 ke nan, duro goma, a kan ɗakin tsohuwa. Garwa kuma tana samun wajen milimita 1,000 a shekara, mafi nauyinsa a wannan watan.

Yoyon bai dame ni kamar kawunan azarar ba, inda suka shiga cikin bango. Ƙasar wurin in ta jiƙa ta yi laushi, azara ba ta karyewa, sulluɓewa take yi, kuma gaba ɗaya take tahowa. Ki duba yau: ƙofar ɗakin ta fara cijewa in za a rufe? Akwai tsaga da ta taso daga kusurwar sama? Gindin bangon ta waje ya yi baƙi, in kin danna yatsa yana lotsawa? Ko ɗaya kika gani kada a sake kwana ciki. Kada kuma ku ƙara masa ƙasa a sama wai don toshe yoyo, nauyi kuke ƙara wa abin da ya riga ya gaji. In za a rufa tamfol, rana na fitowa a yaye shi ya sha iska. Maganin gaskiya a jikin kwanonsa yake: a kafa dogon indararo a bakinsa, a haɗa da bututu ya sauke ruwan zuwa titi. Aikin yini ɗaya ne ga kafinta.

Maman Hanifa: Baba na gode. Ƙofar tana cijewa, amma tun bara take haka. Inna kuma ba yarinya ba ce da zan ɗauke ta, ta ce a ɗakin mijinta ya bar ta.

Maman Tagwaye Kuseri: Ku kuna ma da wanda za ku kama. Mu a 2022 da kogunan Logon da Shari suka cika, wa za mu kai ƙara? Muna cika buhuna da yashi, maƙwabcina ya bi dare ya janye namu ya ƙara a ƙofarsa. Da ruwa ya janye ya zo yana min jaje har da ƙwalla. A 2024 kuma 'yan uwana na Yagwa a makaranta suka kwana. Har yau in na ga mutumin nan a layi sai in ji abinci ya fita raina. Mutanen yanzu sai addu'a.

Malam Na Zaure: Hajiya, Allah ya tsare mahaifiya. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce ba cuta ba cutarwa, kuma ya ce Jibrilu bai gushe yana yi masa wasiyya da maƙwabci ba har ya zaci za a ba shi gado. Abin da Alhaji ya yi cutarwa ce, ko da a cikin filinsa ya yi ginin, kuma gyaran abin da ya lalace yana wuyansa. Amma ban goyi bayan fara kai masa takarda ba. Ko Sayyidina Umar da ya cire indararon Abbas saboda ya zubo masa ruwa a hanyar masallaci, da aka gaya masa Annabi ne ya kafa shi da hannunsa, sai ya duƙa Abbas ya taka bayansa ya mayar da shi. Zance ne aka yi fuska da fuska. A samu limamin masallacin da yake salla da dattijo ɗaya cikin abokan iyayenku, su tsare shi bayan sallar asuba.

Alhaji Mai Shago: Allah ya gafarta Malam, waɗancan sahabbai ne. Wannan da ya ga soron uwar da ta san ranar sunansa yana narkewa ya ce sai bayan damina, liman ne zai ba shi kunya? Zai ce in sha Allahu, ya ba su goro, su tashi.

Ɗalibin Doka Ngaundare: Yaya, ni ɗalibi ne, ba lauya ba, amma ga abin da ke rubuce. Dokar farar hula da kotunan wannan ɓangaren na Kamaru ke aiki da ita, sashe na 681, ta ce kowane mai gida ya tsara rufinsa yadda ruwan sama zai zuba a filinsa ko a kan hanyar jama'a, ba shi da ikon zubar da shi a gidan maƙwabci. Sashe na 1382 kuma ya ce wanda ya jawo wa wani ɓarna da laifinsa sai ya biya. Ta nan kina da ƙarfi. Zuwa wurin jauro ma ba ɓata lokaci ba ne, dokar sarautun gargajiya ta 1977 ta ba su damar yin sulhu tsakanin mutanensu, kuma ba ya hana ki zuwa kotu daga baya. Sai dai ina da tambaya. Kin ce daga filinku aka yanka nasu. Kafin sabon ginin, ruwan tsakar gidansu ta ina yake fita?

Maman Hanifa: Da can akwai rariya a gindin katanga, ruwansu ya biyo ta tsakar gidanmu ya fita ta ƙofar zaure. Amma an toshe ta, wannan wata magana ce daban.

Ɗalibin Doka Ngaundare: Wa ya toshe, kuma yaushe?

Maman Hanifa: Ƙanena ya liƙe ta da siminti daminar bara. Kuma da dalili. Zamanin iyayenmu ruwan sama ne kawai ke bi. Da Alhaji ya ƙara aure gidan ya cika, sai ruwan wanki, ruwan wanke-wanke har da ƙashin kifi, kullum tsakar gidanmu a jiƙe, sauro ya hana yara barci. Na yi magana har na gaji. Ku da ba a gidanku ba ne za ku ga kamar mun yi laifi.

Ɗalibin Doka Ngaundare: To, Yaya, ruwa biyu ne a maganar nan. Ruwan wanki ba dole ba ne ki karɓa, nan kina da gaskiya. Amma sashe na 640 ya ce filin da ke gangare dole ya karɓi ruwan da ke gangarowa da kansa daga na tudu, kuma na ƙasa ba shi da ikon yin abin da zai tare shi. Ga sashe na 690: magudanar da take a fili, kowa na gani, in ta shekara 30 ana amfani da ita tana iya zama haƙƙi. Rariyar da ta girme ki, lauyansa da ita zai fara. Ba ta halatta masa abin da ya yi da rufi ba, amma ki sani in kin shiga kotu ku biyu za a tambaya.

Alhaji Mai Shago: Yaro, karatun aji daban, kotu daban. Na shiga na fita, kai ko ƙofarta ba ka taka ba. Hajiya, kada ki buɗe rariyar nan, ita ce kaɗai abin da kike riƙe da shi. Ya yanke kwano, ki fasa siminti. Kin buɗe yau, shi ke nan, kin rasa duka biyun.

Goggo Mai Ƙosai: Maman Hanifa, 'yata, bari in gaya miki abin da ba ki son ji. Kun toshe bara, ya karkato da kwano bana. Ramuwa ce, kuma duk layinku sun sani ko ba su faɗa ba. Da aka liƙe rariyar, ina ruwan Agustan bara ya kwana? A ɗakunan matansa. Ke ba sa'ar maganarsa ba ce, ƙanenki kuma mai neman aure ne a gidansu, bakinsa a ɗaure yake. Inna ce za ta aika a kira shi, ta kira shi da sunan da uwarsa ke kiransa, ta nuna masa ƙasar da ta faɗo. A buɗe rariya don ruwan sama, shi kuma ya haƙa rami a gidansa don ruwan wanki.

Maman Hanifa: Goggo, wallahi ba a ɗakunan matansa ya kwana ba, ya fasa wata hanyar ta bayan gida cikin sati. Kuma Inna ta aika a kira shi? Shi da ko gaishe ta bai shigo yi ba da salla? Filin ma na Babanmu ne.

Ɗalibin Doka Ngaundare: Akwai takardar mallakar fili, ta ku ko tasa? An taɓa kafa duwatsun iyaka?

Ɗan Yalwa: Maganar fili kam kada a tono ta. Mu haka aka fara a kan bishiyar darbejiya ɗaya, yanzu 'ya'yan wa da ƙani ba sa zuwa jana'izar juna.

Baba Magini: Kuna ta sashe kaza sashe kaza, azara ba ta jiran alƙali. 'Yata, ki sayi indararon da bututun da kuɗinki, ki aika a ce masa ya ba kafinta izinin hawa kawai. Ki ajiye rasit. In an yi sulhu ko shari'a ya biya ki.

Alhaji Mai Shago: Kada ki kuskura! Kin taɓa kwanonsa, gobe iska ta yaye shi ya ce ke ce.

Maman Hanifa: Mu za mu saya masa indararo? Shi ya yi ɓarna mu kuma mu biya? Kuɗin da zan gyara soron ma ban san inda zai fito ba. Maigidana ya kira, ya ce ya wuce Marwa, in ya iso zai same shi namiji da namiji. Bidiyon dai zan sa a ɗauka. Rariya kuma tana nan yadda take sai ya gyara kwanonsa.

Malam Na Zaure: In zai je, kada ya je shi kaɗai, kuma kada ya je da gajiyar hanya.

Alhaji Mai Shago: Namiji da namiji a kwamisariya, ofishin 'yan sanda, yake ƙarewa. Na dai gaya miki, usiye.

Maman Sadiku: Baba Magini, don Allah kana zuwa aiki har Pitowa? Ni ma katangar bayan gidana ta tsage tun daga sama, maigidan ya ce ba komai.