Kalmar "cheers" ta ɗaure min kai, a taimaka

Baƙon Birmingham: Assalamu alaikum 'yan uwa. Watana biyu ke nan da zuwa Ingila karatu, kuma kalmar "cheers" ta hana ni sakat. Sanin da na yi mata tun a gida, mashaya ne ke faɗinta idan sun ɗaga kofuna sun gwara. To jiya na riƙe wa wata tsohuwa ƙofa a kanti, sai ta ce min "cheers, love". Malamin da ke duba aikina ma da ita yake rufe saƙon imel. Ni dai sai in tsaya ina yaƙe. Me ake mayarwa? Kuma ya dace in riƙa faɗinta, tunda daga gidan giya ta fito?

Mai Tasi: Wa alaikumus salam ƙanena, kwantar da hankalinka. Na daɗe ina tuƙin tasi a Manchester, a wuni guda nakan ji ta har in gaji. "Na gode" ce, amma ƙarama, ta abin da bai taka kara ya karya ba: ka miƙa wa mutum canji, ka ba shi hanya, ka riƙe ƙofa. Fasinja zai sauka ya ce "cheers, mate", ya haɗa godiya da sallama a baki ɗaya. Ba sai ka ce komai ba. Gyaɗa kai ya isa, ko ka ce "no worries".

Malamar Turanci: Ɗan gyara, Malam. Ba a gidan giya aka haife ta ba. Asalinta tsohon Faransanci ne, "chiere", wato fuska. Daga fuska ta koma yanayin fuska, daga nan ta zama fara'a. Sai a farkon ƙarni na 20 mashaya suka ara, ma'anar godiya kuwa ta bazu a shekarun 1970. Inda nake so ka kula shi ne nauyinta. Wanda ya kwana da kai a asibiti ba ka sallame shi da "cheers". Haka takardar neman aiki, ko saƙonka na farko ga farfesa. Malaminka kam tunda shi ya fara, ka samu lasisi.

Ɗan Houston: Mu nan Amurka ba ta wuce wajen ɗaga kofi sosai ba. Ka faɗa wa mai kanti, sai ya ɗauka kwaikwayon Turawan Ingila kake.

Mai Tasi: Af, na manta. Saurari murya. In ka zubar wa mutum da shayi a wando ya ja ta, "oh, cheeers", gatse ne, ba da haƙuri kawai. Mutanen Bristol kuma "cheers, drive" suke ce wa direban bas, har titi aka raɗa wa sunan a garin.

Hajiya Babba: Ni dai ba ta kwanta min ba, ɗana. "Thanks" ta ishe ni, ba wanda ya taɓa harara ta a kai. Batun halacci kuma a bar wa malamai.

Baƙon Birmingham: Allah ya saka da alheri. Yau da zan sauka daga bas na gwada, murya na rawa. Direban ko kallona bai yi ba, ya ce "cheers, mate" ya ja motarsa. Saura "love" ɗin da tsohuwar nan ta ce min. Yaya Mai Tasi, in sanar da mutanen gida ne?