Kompaila da Hausa: ni dai na tsaya a kan "matarjami"

1/ Jama'ar da ke rubuta manhaja, ku zo mu raba gardama. Akwai kalmar da ta ƙi zama a bakina da Hausa, wato kompaila. A nan Sakkwato ta tsare ni, gaban wani dattijo, shugaban wata ƙungiyar manoman albasa da na gina wa manhajar rance a intanet.

2/ Dokokin rancen ba a cikin jikin manhajar na binne su ba. Na ware su a injin Drools, wanda Bob McWhirter ya fara a 2001, aka gina shi da harshen Java. Amfaninsa shi ne kwamiti ya sauya doka ba sai an rushe gini ba. Kowace doka gaɓa biyu ce: idan manomi ya biya kuɗin ƙungiya wata shida a jere, to a ba shi rancen taki. Duk wanda ya zauna a zaure ya karanci nahawu ya san wannan, sharaɗi ne da jawabinsa. Shi injin kuwa na kira shi injin hukunci, ba wanda ya yi mini musu, mu wuce.

3/ Ranar da za a fara aiki, komai lafiya lau a kwamfutata. Da na ɗora kan sabar Tomcat, wato manhajar da za ta riƙe tawa a intanet, sai allo ya cika da jan rubutu. Ga rana ta take, ga janareto na shan mai, ga magatakarda riƙe da littafin sunaye yana jira. Shugaba ya gyara zama ya ce, "Ɗana, wanga abu da kunka ce ya lalace, mi ag aikinai?"

Na ce, "Baba, kompaila ce." Ya dube ni kawai. Yana da gaskiya, ban gaya masa komai ba.

4/ Abin da ya faru shi ne, dokar da mutum ya rubuta ba ita na'ura ke karantawa ba. Sai an juya ta zuwa harshen da injin Java ke ji, kuma na'urar da ke wannan juyin ita ce kompaila. Drools ɗin da na yi aiki da shi a lokacin yana yin wannan juyin ne da wata kompaila mai suna Eclipse idan ba ka ce masa komai ba. Shi ma Tomcat yana tafe da tasa na'urar Eclipse ɗin, don juya shafukan intanet da ake kira JSP. Iri ɗaya ne, amma ba sa'o'in juna ba, sai Drools ya kira wadda ya sani, wata daban ta amsa. Ba laifin kowa ba ne, haɗuwa ce ta zo a haka. Magani a lokacin layi ɗaya ne a saiti, drools.dialect.java.compiler=JANINO, tare da saka Janino, wata kompaila ta daban, a cikin kayan manhajar. Gyaran bai ɗauki lokaci ba. Bayanin ne ya gagare ni.

5/ Tun daga ranar nake auna kalmomi. Wani abokin aikina ya kawo "mai tattarawa", kuma yana da hujja a tarihi: lokacin da Grace Hopper, masaniyar kwamfuta Ba'amurkiya, ta yi wani tsari mai suna A-0 a 1952, aikinsa tattaro guntayen umarni da aka riga aka adana ya jera su wuri guda. Daga nan sunan kompaila ya samo asali, don ma'anarsa a Turanci mai tattarawa ce. Amma yau aikin ya wuce nan. Ka ce wa Baba mai tattarawa ya lalace, zai ɗauka mai karɓar kuɗin ƙungiya kake nufi.

6/ Wani ya ce "tafinta". Nan ne na daɗe, domin kalmar ta yi kusa ƙwarai, sai dai tana da mai ita. Ku tuna tafintan kotu: alƙali ya faɗi jimla, ya mayar, a sake faɗi, ya sake mayarwa. Dole yana tsaye a wurin har a tashi, gobe ma sai ya dawo. A kwamfuta akwai na'urar da ke aiki daidai haka, tana bin umarni tana zartarwa nan take. Ita ce tafinta. In muka ba kompaila sunan, ranar da ɗalibi ya tambayi bambancin su biyun, bakinmu zai mutu.

7/ Shi kompaila aikinsa irin na malamin da ya zauna da rubutu sukutum, ya juya shi gaba ɗaya, ya miƙa, ya koma gida. Garin nan ya san wannan aikin tun zamanin Nana Asma'u, wadda ta mayar da waƙoƙin Fulfulde zuwa Hausa, mata suka ɗauka suka shiga ƙauyuka da su ba tare da ita ba. Sunan aikin tarjama. Kuma mai tarjama in ya tarar da jimla a karye ba ya wucewa, zai mayar maka ya nuna layin. Jan rubutun da kompaila ke watso mana in mun manta waƙafi ke nan.

Don haka na ce matarjami, a kan awon mabuɗi da madubi. Jam'insa matarjamai, kamar mabuɗai. Ku gwada: "injin hukunci ya tarar da matarjamai biyu, sai na saita masa wanda zai bi."

8/ Na san masu cewa a bar kalmar kompaila yadda take, ai mun karɓi kwamfuta da intanet ba mu mutu ba. Haka ne, kuma mai neman maganin matsala a Google dole ya riƙe kalmar ta asali. Sai dai kwamfuta ana nuna ta da yatsa. Shi kompaila kuwa ba wanda ya taɓa ganinsa, sunansa ne kaɗai zai yi bayaninsa ga masu dokar, kuma dokar tasu ce, ba tawa ba.

9/ Da na koma kai takardar bayani na karanta wa shugaba jimlar nan ta sama. Ya ce, "To, a bar guda, kada su rikita muna hukunci." Magatakarda ya rubuta matarjami a bayan littafinsa.

Saura abin da matarjamin ke fitarwa, wanda muke ce wa baitkod. A takardar na rubuta "juyayyen rubutu", amma bai kwanta mini ba, domin yana iya nufin rubutun da aka kifa. Malaman Hausa na jami'ar Ɗanfodiyo da ke karanta wannan, ina jiran taku.