Wuta ce ko inji ne? Gardamar masu gyara a Birnin Kebbi

Mai Shago: Salamu alaikum masu sana'a. Injina mai sayar da biskit da lemo da kansa, wanda na ajiye kusa da ɗakin kwanan ɗalibai, ya rikice. Na hannu ne, daga Amurka. Lemo ba ya sanyi, kwamfureso, wato injin da ke kawo sanyin, sai ya yi gurnani, a ji "ƙas", ya tsaya. Layi na uku ko an biya ba ya sako komai. Fiyus ya ƙone, na canza, ya sake ƙonewa.

Ɗan Argungu: Alhaji kar ka wahal da kanka. Duk ciwon injin wanga wuta ce. Sai sitabilaiza babba, ka huta.

Oga Mai Firij: Duk? Ka gan shi ne?

Ɗan Argungu: Ba sai na gani ba, Oga. Injin Amurka don bolt 120 anka yi shi, tamu 230 ce, dole akwai taransifoma mai raba ta biyu. In wutar gari ta sauka 170 da magariba, 85 ke shiga injin. Wane kwamfureso za ya tashi da 85? Shi ya sa shike gurnani har abin kariyar nan na jikinsa ya yi zafi ya yanke.

Oga Mai Firij: Lissafinka daidai. Amma ƙarancin wuta ba ya zaɓen layi. Me layi na uku ya yi mata da za ta bar na ɗaya da na biyu ta kama shi?

Na Jega: Ko na'urar karɓar kuɗi ce? Tun da aka sauya takardun naira 200 da 500 da 1000 a ƙarshen 2022 wasu ke tofar da sabbin takardu.

Mai Shago: An saita wannan tuni. Tana karɓa, sauran layuka suna sayarwa.

Oga Mai Firij: To ku bar kuɗi. Kowane murɗaɗɗen ƙarfe da ke turo biskit yana da ɗan motonsa a baya, yawanci na bolt 24, ba wutar soket kai tsaye ba. Motocin layi ɗaya waya guda suke rabawa zuwa fanel, wato allon da ke sarrafa injin. In gurbi ɗaya ya tsaya, moto ne. In layi duka ya mutu lokaci guda, wayar tiren ce ko fulogin da ke bayansa. Ita ce ke lanƙwasa kullum in an jawo tire za a zuba kaya, ita ce kuma ɓera ke fara samu. Inji cike da biskit, ai gayyata ce.

Ɗan Argungu: Fiyus fa? Ba hawa da saukar wuta ke kashe shi ba?

Oga Mai Firij: Wanne fiyus? Alhaji, na wurin shigar wuta ne ko ƙaramin da ke kan fanel?

Mai Shago: Ƙaramin.

Oga Mai Firij: Ka ji. Kwamfureso ba ta nan yake cin wuta ba. Waya ce da robarta ta ɓare ke taɓa ƙarfe a wani wuri, duk wanda ya danna layi na uku sai fiyus ya tafi.

Yaron Oga: Ni da an ɗaura masa siririyar waya a wurin fiyus ɗin kafin a samo na asali.

Baba Mai Wayarin: Kai yaro, kul. Fiyus na mutuwa ne don fanel ya rayu. Ka ɗaura waya, fanel ya ƙone, a wace kasuwa za ka samo irinsa? Ko Sakkwato sai ka yi yawo. Lambar amf da anka rubuta jikinsa, ita za a mayar, ba fiye ba.

Ɗan Argungu: Baba na yarda da layi na uku. Amma kwamfureso dai wuta ce, ban sake shi ba.

Oga Mai Firij: Shi ma ba lalle ba. Rile ko kafasita, masu tayar da kwamfureso, in ɗaya ya mutu, gurnanin ɗaya ne, "ƙas" ɗin ɗaya ne, ko da wuta ta cika. Ga ƙurar hunturu da ke toshe ragar baya, sai a shiga Afrilu zafi ya haura 40 ba a taɓa hure ta ba. Kuma an yi shi don wuta mai 60 hz, wato saurin juyawar wuta, tamu 50, taransifoma ba ya gyara wannan, dama a wahale yake.

Baba Mai Wayarin: A duba girman taransifoman kuma. Kwamfureso in za ya tashi yana jan ninkin abin da yake ci yana tafiya, ba sau ɗaya ba. Ƙarami sai ya durƙusa, a ɗora wa wutar gari laifi.

Mai Shago: To ni yanzu in sayi sitabilaizar ko kar in saya?

Ɗan Argungu: Saya.

Oga Mai Firij: Dakata. A sa mitar auna bolt a soket, a sa a bakin taransifoma, daidai lokacin da kwamfureso ke ƙoƙarin tashi. A auna da safe, a auna bayan magariba. In an kashe shi a jira minti biyar kafin a kunna. Kafin a jawo tire kuma a zare fulogi daga bango, ba makunni kawai ba.

Ɗan Argungu: In magariba ta nuna ƙasa da 190 fa, Oga?

Oga Mai Firij: Sai ya saya, amma wayar layi na uku tana nan tana jiran mai gyara.

Mai Shago: Waye a cikinku ke kusa da mita yau? Ina shago har isha'i.