Na goge foldar haruffa, fuskar kwamfutar ta ɓace: wai babu mafita sai fomatin?

Bilkisu: Assalamu alaikum. Don Allah ku taimake ni, hankalina a tashe yake. Ubuntu 22.04 ce a kwamfutata. Salon haruffan da na tara sun yi yawa, wasu ma biyu-biyu, sai na ce bari in share nawa in sake su. Maimakon in goge ƙaramar foldar haruffa da ke cikin foldata ta gida (home), sai na rubuta `sudo rm -r /usr/share/fonts`. Jim kaɗan rubutun da ke kan allo ya koma ƙananan akwatuna. Na kashe na kunna, yanzu ko wurin sa kalmar sirri ba ya fitowa, kibiyar linzami ce kawai ke yawo a duhu. Kundin digirina yana ciki, kuma kwafin da ke filashi na wata biyu da suka wuce ne. Wani mai gyara ya ce babu mafita sai fomatin. Gaskiya ne?

Kabiru: Wa alaikumus salam. Malama, ki yi haƙuri, amma ina bayan mai gyaran. Duk wanda ya sa `sudo rm` a cikin `/usr` ya taɓa gadon bayan tsarin. Ko kin lallaɓa ta tashi yau, gobe wani abu zai ɓalle ba ki san daga ina ba. Ki tayar da ita da filashi mai Ubuntu, ki kwashe kundinki, ki ɗora sabo. Awa ɗaya kin gama.

Malam Sani: Kabiru, ban yarda ba. Ba gadon baya ta taɓa ba. Abin da ke cikin foldar nan zanen haruffa ne kawai, babu manhaja ko ɗaya. Shafin shiga yana neman harafin da zai rubuta sunanta da shi, ya tambayi fontconfig, wato ɓangaren tsarin da ke nemo wa manhajoji haruffa, fontconfig ya duba ya tarar wayam. Sauran tsarin lafiyarsa lau. Malama Bilkisu, danna Ctrl da Alt da F3 tare, in ƙaramar kwamfuta ce wataƙila sai kin haɗa da Fn. Gaya mana abin da kika gani.

Bilkisu: Ikon Allah! Baƙin allo ya fito da farin rubutu, ya ce `login`. To ina ya samo haruffa bayan na goge su?

Malam Sani: Wannan allon ba ruwansa da foldar da kika goge, haruffansa daban suke, tun kafin fuskar zane ta tashi suke aiki. Wannan kaɗai ya isa shaida cewa kwamfutar na raye. Rubuta sunanki na shiga, sannan kalmar sirri. Ba za ki ga komai ba yayin da kike buga ta, ko tauraro ɗaya, haka yake, ki ci gaba.

Kabiru: Malam, da girmamawa, garin gyaran gira ake rasa ido. Wadda umarni ɗaya ya jefa ta cikin wannan hali, ita za ka tura baƙin allo ta yi ta buga `sudo`? Ni abin da nake tsoro ke nan. Na taɓa cire wani ƙunshin haruffa a kwamfutata, na danna Y ban karanta ba, da na ɗago kai rabin manhajojina sun tafi. Na kwana ina faci, ƙarshe fomatin ɗin dai na yi.

Hauwa: Yaya Kabiru, abin da ya same ka da abin da ya same ta ba ɗaya ba ne, kuma a nan duk gardamar take. Kai `apt remove` ka yi, wato ka sa apt, manhajar da ke saka ƙunsoshi da cire su, ya cire shi. Ƙunshin `fontconfig-config` yana buƙatar a bar masa aƙalla ɗaya daga cikin wasu ƙunsoshin haruffa, irin su `fonts-dejavu-core`. In ka cire na ƙarshen, apt zai janye `fontconfig-config` ɗin, duk abin da ya dogara da shi ya bi sahu, har fuskar kwamfutar gaba ɗaya. Ita kuwa `rm` ta yi. Apt bai ma san an yi ba, a littafinsa komai na nan daram. Kuma ko naka bai kai ga fomatin ba: `/var/log/apt/history.log` yana rubuta sunan duk abin da aka cire da ranar da aka cire shi, sannan `sudo apt install ubuntu-desktop` zai jawo mafi yawansu.

Amma gaskiyarka ɗaya ce, kuma ba ƙarama ba. Bilkisu, kafin ki taɓa komai, kundin nan ya fita daga kwamfutar. Ko ta filashin da ya faɗa, ko ki kwafe shi daga baƙin allon. Ban yarda a yi gyara a kan aikin shekaru ba tare da kwafi ba.

Bilkisu: Na yi yadda Yaya Kabiru ya ce, na tayar da ita da filashi na kwashe foldar kundin gaba ɗaya. Na dawo baƙin allon. Na buga `sudo apt install fonts-dejavu-core`, sai ya ce ai tana nan, ita ce ma sabuwar fitowa. Bai sauko da komai ba.

Kabiru: Kun gani? Tsarin ya rikice, bai ma san abin da ya rasa ba.

Malam Sani: Bai rikice ba, abin da Hauwa ta faɗa ne ya bayyana. Yana duba littafinsa, ba ya duba foldar. Sai an tilasta masa. Malama, buga wannan daidai, harafi bayan harafi:

`sudo apt install --reinstall fonts-dejavu-core fonts-ubuntu`

In ya yi ƙorafin intanet, buga `nmtui` ki zaɓi Wi-Fi ɗinki da maɓallan kibiya, ko ki jona wayarki da kebul ki raba mata data. In ya gama, `sudo fc-cache -f` don a sake lissafa haruffan, sannan `sudo systemctl restart gdm3` don a sake tayar da shafin shiga.

Auwal: Mu masu Windows fa? Irin wannan na faruwa?

Hauwa: Da wuya, don tsarin yana kare manyan haruffansa irin su Segoe UI. In wasu sun lalace, `sfc /scannow` ake fara gwadawa. Bari dai mu gama da tata.

Bilkisu: Alhamdulillah! Shafin shiga ya dawo, ga sunana ɓaro-ɓaro. Wallahi hannuna rawa yake. Na shiga, fayilolina duk suna nan. Sai dai da na buɗe kundin a LibreOffice, shafi 84 ya zama 91, jadawalin babi na uku ya tsallake zuwa wani shafin, siffar rubutun ma ta canza. Ƙ da ɗ da ɓ dai sun fito daidai.

Kabiru: Abin da na hango ke nan tun farko. Ta tashi, amma ba yadda take ba. Ƙunsoshi nawa suka zuba fayil a foldar nan? Haka za ta yi ta gano ɓaraka ɗaya bayan ɗaya.

Malam Sani: Ba sai ta yi lalube ba. `dpkg -S /usr/share/fonts` zai jero mata sunan duk ƙunshin da ke da kaya a wurin, ta sake saukar da su da `--reinstall` a tashi ɗaya. Bayan nan ta buga `sudo dpkg --verify`, duk fayil ɗin da har yanzu babu shi zai fito da kalmar `missing` a gabansa. Shafukan da suka ƙaru kuwa, da alama da Liberation Serif ko Times New Roman ta rubuta. Da aka rasa shi aka cike gurbin da DejaVu, shi kuma haruffansa sun fi faɗi. Da zarar ƙunshin Liberation ya dawo, shafukan za su koma mazauninsu.

Bilkisu: Na yi. Shafi 84 cif, jadawalin ya koma wurinsa, `missing` ba ta fito ko sau ɗaya a kan haruffa ba. Abu ɗaya ne bai dawo ba: wani salon rubutun Larabci da na kwafa cikin foldar da hannuna bara, wanda na yi ayoyin gabatarwa da shi.

Hauwa: Wannan apt bai taɓa sanin da zamansa ba, sai kin sake nemo shi daga inda kika samo. Fomatin ma ba zai dawo da shi ba. In kin samu, ajiye shi a `~/.local/share/fonts`, can ba a buƙatar `sudo`.

Kabiru: Na janye cewa babu mafita, gani ya kori ji. Amma ban janye duka ba. Ta dace akwai ku a kusa, kuma intanet ɗinta ya kama. Wanda yake shi kaɗai da dare, bai taɓa ganin baƙin allo ba, har yanzu filashi da sabon ɗori zan ce masa.

Malam Sani: Ni kuma zan ce masa ya danna Ctrl, Alt da F3 tukuna, ya ga ko ta amsa.

Bilkisu: Allah ya saka muku da alheri gaba ɗaya. Yaya Hauwa, in na zuba na Larabcin a can, sai na sake buga `fc-cache`?

Hauwa: Eh, `fc-cache -f` ba tare da `sudo` ba, sannan ki rufe LibreOffice ki sake buɗewa.