Gwajin nama da na ƙwayoyin halitta a sankarar jini: abin da muka gani

Mai jinyar ƙanensa: Assalamu alaikum. Ina roƙon waɗanda suka bi wannan hanya su gaya mana yadda aka gano cutar a wurinsu. Ƙanena ya daɗe da kaluluwa a wuya, ga zazzaɓin dare da zufa da rama, aka ɗora shi a kan maganin tarin fuka ba tare da an gwada naman ba, kumburin kuwa sai ƙaruwa yake yi. Da muka canza asibiti, an fara zuƙar ruwan kaluluwar da allura, amma sakamakon bai fayyace komai ba, sai da aka yi ƙaramar tiyata aka ciro kaluluwa guda ɗungum, sannan likitan da ke duba nama ya ga wasu manyan ƙwayoyi da ake kira Reed-Sternberg, ya tabbatar da sankarar kaluluwa mai suna Hodgkin. Yanzu an ce a ƙara wani gwaji a kan naman, ni kuwa ban fahimci amfaninsa ba.

Ma'aikacin ɗakin gwaji: Wa'alaikumus salam. Allah ya ba shi lafiya, Malam. Allura tana ɗebo ƙwayoyi ne a warwatse, alhali likita yana buƙatar ganin yadda ginin kaluluwar ya lalace, shi ya sa ake son a ciro ta gaba ɗaya. Mukan tsoma naman a ruwan fomalin, mu daskarar da shi cikin kaki, mu yanka shi siriri a kan gilashi. Gwajin da aka ce ku ƙara rini ne na musamman da ke nuna alamomin da ke jikin ƙwayar: CD30 da CD15 sukan fito a Hodgkin, CD20 kuma a yawancin sankarar ƙwayoyin B (wani nau'in fararen ƙwayoyin jini), wadda ake haɗa wa maganin rituximab. Abin da ya fi damuna a aikin nan shi ne marasa lafiyar da suka sha magungunan rage kumburi irin su firedinisolon ko deksa daga kemis kafin a ɗebi naman, domin waɗannan magunguna suna narkar da ƙwayoyin cutar na ɗan lokaci, mu duba mu kasa yanke hukunci. Kuma ku nemi a ba ku dunƙulen kakin idan za ku canza asibiti, don kada a sake yanka yaron.

Malamar makaranta: Ni tawa cutar, sankarar jini ce da ake kira CML, a jini da ɓargo aka gano ta. Cikina ne ya yi nauyi ta hagu, ashe saifa ce ta kumbura, gwajin jini kuma ya nuna fararen ƙwayoyi sun yi yawa fiye da kima. An kwantar da ni a gefe, aka kashe zafin wurin, aka soka allura mai kauri a bayan ƙashin ƙugu. Lokacin da ake zuƙo ɓargon na ji wani ja mai zafi har ƙafa, amma bai wuce 'yan daƙiƙoƙi ba. Abin da ya yanke magana shi ne gwajin BCR-ABL, wanda ke nuna cewa kuromosom (zaren da ke ɗauke da ƙwayoyin halitta) na 9 da na 22 sun yi musayar ɓangare, wato kuromosom ɗin Filadelfiya da aka gano a 1960. Da wannan sakamako aka tura ni asibitin koyarwa na Ile-Ife, inda gidauniyar Max ke tallafa wa masu irin cutata da maganin imatinib. Har yanzu ana maimaita mini gwajin don a ga yadda cutar ke raguwa.

Mai jinyar ƙanensa: Malama, na gode. Tunda an ambaci ƙwayoyin halitta, shin cutar gado ce? Dangi sun fara maganar a gwada sauran yaran gida.

Malamar makaranta: Haka surukaina suka ɗauka, Malam, har suna kwatanta shi da gwajin sikila da ake yi kafin aure. Likitana ya zaunar da mijina ya bayyana masa cewa wannan sauyi ya faru ne a cikin ɓargona bayan haihuwata, ba daga iyaye na samo shi ba, kuma ba zan ba 'ya'yana ba. Game da Hodgkin, ka tambayi likitan jinin da ke duba ƙanenka, kuma ka tafi da babba guda daga cikin dangin domin ya ji da kunnensa.