Su wa aka haifa ran 15 ga Disamba? Ku taimaka, ɗiyata gare ta aikin lakkol

Baban Lami:

Salamu alaikum ƴan uwa, ina wuninku, ya sanyi. Daga Tawa nike rubutu. Ɗiyata ce tana katriyem a kwaleji, mushensu na tarihi ya ba su aiki wai kowa ya je ya nemo mutum uku ko huɗu na tarihi da suka haɗa ranar haihuwa da shi, ya rubuto taƙaitaccen labarin kowane, ya miƙe gaban aji ya karanta. Ita ran 15 ga Disamba 2011 aka haife ta. Jiya da dare ta amshi wayata ta ƙone mini mega kaf, abin da ta samo kuma dogon jeri ne na ƴan ƙwallo da mawaƙan turai, wallahi ko ɗaya ban taɓa jin sunanshi ba, na ce a'a wannan ba shi ne tarihi ba. Don Allah wanda ya sani ya ba mu sunaye na kirki, in da hali har da namu na gida ba sai nasara kaɗai ba. Litinin za su miƙa.

Ɗan Galmi:

Wa alaikumus salam. Baban Lami ai ɗiyarka ta taki sa'a, ba sai kun je nesa ba, a cikin jiharmu ta Tawa ma akwai wanda ya ishe ta. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ran 15 ga Disamba 1754 aka haife shi, a Maratta, nan kusa da mu Galmi, lokacin ƙasar Gobir ce. Mutane da yawa in an ce Shehu sai hankalinsu ya tafi Sakkwato, to Sakkwato can ya ƙare rayuwa amma cibiyarshi a ƙasar Nijar ta yau aka binne ta.

Ga abin da za ta iya rubutawa. Mahaifinshi Muhammadu ne wanda ake ce ma Fodiyo, kalmar fulatanci ce mai nufin malami, mahaifiyarshi Hauwa, Fulani ne Toronkawa. Yana ƙarami iyayen suka koma Ɗegel, can ya tashi ya yi karatun allo wajen babanshi sannan ya bi malamai, cikinsu wanda ya fi yi mishi tasiri shi ne Malam Jibrilu ɗan Umar wanda ya zauna Agadas, ka ga nan ma mu ne. Yana ɗan shekara ashirin ya fara wa'azi yana yawo Kabi da Zamfara, kuma abin da ya sa talakawa suka bi shi ba da larabci kaɗai yake magana ba, yana yi da hausa da fulatanci, yana tsara waƙoƙi mutane na haddacewa, mata ma suna zuwa majalisinshi har wasu malamai suka yi ta sukarshi a kan haka bai daina ba.

Wurin da ni ya fi burge ni shi ne haɗuwarshi da Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo a Magami ranar idi. Sarki ya tara malamai ya raba kyauta, Shehu ya ce shi ba dukiya ya zo nema ba, abu biyar yake so: a bar shi ya yi wa'azi, kar a hana kowa amsa kiranshi, a girmama mai rawani, a saki ƴan kurkuku, a sassauta ma talakawa haraji. Bawa ya yarda. Bayan Bawa ne al'amura suka dagule, Sarkin Gobir Nafata ya sa dokoki masu tsanani, Yunfa ya hau rikici ya kai inda ya kai, Shehu ya yi hijira daga Ɗegel zuwa Gudu a Fabrairun 1804, aka gwabza a Tabkin Kwatto cikin shekarar, Alƙalawa, babban birnin Gobir, ta faɗi 1808. Da ƙasa ta samu sai ya raba ta, yamma ga ƙanenshi Abdullahi, gabas ga ɗanshi Muhammadu Bello, shi ya koma ga karantarwa da rubutu. Ya rasu a Sakkwato 20 ga Afrilu 1817 yana da shekara 62. Tunda mace ce mai aikin, ta saka ɗiyarshi Nana Asma'u ko da layi biyu ne, ita ta kafa ƴan taru, matan da ke bin ƙauyuka suna koya ma ƴan uwansu mata karatu.

Mushe PC:

Barka da wannan Ɗan Galmi. Ni fizik nike koyarwa don haka bari in kawo na gidanmu. Henri Becquerel, Bafaranshe, an haife shi a Paris 15 ga Disamba 1852. Kar ka ce ina ruwanmu da shi Baban Lami, duk ɗan Tawa da ya taɓa ganin manyan kamiyo na ma'adinin yuraniyom na bin hanyar Tawa zuwa Arlit ya ga jikokin aikin mutumin nan.

Gidansu gidan masana ne, kakanshi masanin fizik, ubanshi haka, shi ma ya gada, kamar dai gidan maƙera. A ƙarshen 1895 wani Bajamushe Röntgen ya gano hasken nan da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti, duniyar masana ta ruɗe kowa na neman irinshi. Becquerel shi tunaninshi gishirin yuraniyom in ya sha rana zai fitar da irin wannan haske. Sai ya nannaɗe farantin hoto cikin baƙar takarda mai kauri, ya ɗora gishirin a kai, ya shanya a rana, in ya wanke farantin sai ya ga tabo. To ƙarshen Fabrairun 1896 hadari ya rufe Paris kwana da kwanaki babu rana, mutumin ya tattara kayan ya tura cikin durowa. Ran 1 ga Maris ya ce bari dai ya wanke farantin, yana zaton ba zai ga komi ba sai ɗan dishi-dishi, sai ga tabo ya fito raɗau. Babu rana babu fitila, cikin duhun durowa. Nan ya gane abin daga cikin yuraniyom ɗin kanshi yake fitowa. Ina faɗa ma ɗalibaina da a Tawa yake zaune cikin watan Afrilu da wataƙila bai gano komi ba don rana ba ta taɓa ba shi hutu.

Marie Curie ce ta ɗauki zancen ta zurfafa, ita ta raɗa ma abin suna radiyo-aktibite, kuma a 1903 aka ba su kyautar Nobel su uku, rabi nashi rabi na Marie da mijinta Pierre. Ya mutu 1908 yana da shekara 55. Har yau ma'aunin da ake auna wannan tururi da shi sunanshi gare shi, bekerel. Mu kuma an fara haƙo yuraniyom a Arlit 1971, ta haɗa wannan da wancan a ƙarshen rubutun mushe zai ji daɗi.

In tana son na uku mai sauƙi, Gustave Eiffel, 15 ga Disamba 1832 a Dijon. Injiniyan ƙarfe ne, gadoji ya fi ginawa, kamfaninshi ya gina hasumiyar Paris mai tsayin mita 300 aka buɗe ta 1889, shi kuma ya tsara ƙarafan da ke riƙe da mutum-mutumin ƴanci na Amurka daga ciki. Zanen farko na hasumiyar injiniyoyinshi biyu suka yi, Koechlin da Nouguier, amma suna ya bi mai gida. Ya rasu 1923 da shekara 91.

Bagobira a Yamai:

Hhhh Ɗan Galmi ka ba da labari kamar jikan Sarkin Musulmi. Ba ƙarya cikin abin da ka faɗa amma mu Gobirawa muna nan fa ba mu ƙare a Alƙalawa ba, kakanninmu sun yi arewa sun ci gaba da faɗa shekaru da yawa daga baya suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, Katsinawa su ma suka zauna Maraɗi, kuma har yau akwai Sarkin Gobir a Tsibiri. Yarinya ta saka wannan ko layi ɗaya ne, don a ajinsu ba za a rasa mai zanen Gobir a kumatu ba, kar ta karanta kamar mu labari ne da ya wuce.

Sannan tunda kuna ta kawo na kirki bari ni in kawo ɗan banza don a daidaita. Nero sarkin Rum, 15 ga Disamba shekara ta 37 miladiyya. Uwarshi Agrippina ce ta yi ta ƙulle-ƙulle har ya hau gado yana ɗan shekara 16, ladan da ya biya ta shi ne ya sa aka kashe ta shekara ta 59. A 64 gobara ta cinye babban ɓangare na birnin Rum ya ɗora ma kiristoci laifi ya yi musu kisan wulaƙanci, a 68 sojoji da majalisa suka juya mishi baya ya kashe kanshi yana da shekara 30. To masu cewa ranar haihuwa na nuna halin mutum su zo su haɗa mini Shehu da wannan tsinannen.

Na Illela:

Ni dariya ma zancen ke ba ni, aikin ƴaƴan zamani ne waɗanda aka haifa a asibiti aka rubuta har da ƙarfe nawa. Da mushen nan zai ba mu wannan aikin a zamaninmu da rabin aji sun kawo mutum iri ɗaya, don duk 1 ga Janairu ne mu. Ni an haife ni da damina, tsohuwata ta ce ana noman farko ne, ruwa na zuba har ungozoma ta kasa fitowa sai da aka je da ita a jaki, amma da za a sa ni lakkol aka je aka yi mini takardar haihuwa ta kotu, aka dube ni aka sa in kai hannu bisa kai in taɓo kunne, aka ƙiyasta shekara, wajen rana da wata aka cike 1 ga Janairu. Yanzu duk shekara Facebook sai ya tara mini gaisuwa cikin tsakiyar hunturu ni da aka haifa ana tsawa. Ba ni kaɗai ba, ka duba tsofaffin shugabannin ƙasarmu, Mahamadu Isufu ɗan Dandaji 1 ga Janairu 1952, Bazum 1 ga Janairu 1960, je ka kowace ma'aikata ka buɗe takardun tsofaffin ma'aikata ka ƙirga. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne yadda aka san ranar Shehu daidai tun 1754 mu na jiya-jiya ba a san tamu ba.

Malam Ƙarami:

Na Illela amsarka mai sauƙi ce, gidan malamai aka haife shi, masu alƙalami da tawada, kuma danginshi da almajiranshi sun rubuta tarihinshi. Sai dai a lura, su ba Disamba suka rubuta ba. Abin da suka rubuta shi ne ranar Lahadi, ƙarshen watan Safar, shekara ta 1168 bayan hijira. Masu bincike ne daga baya suka juya lissafin ya faɗo 15 ga Disamba 1754. Shekarar wata ta gaza ta rana da kwana 11 ko kusa, don haka ƙarshen Safar yawo yake yi, bana yana damina wata shekarar yana bazara. Baban Lami ka tambayi mai ɗakinka cikin wane wata ta haihu, mata ba su manta wannan. In ba Safar ba ne to a kalandar boko kaɗai ɗiyarka ta haɗa rana da Shehu, ta faɗi hakan a gaban aji ya fi gaskiya. Shi ma Neron na Bagobira da tsohuwar kalandar Rumawa aka ƙirga tashi ranar, ba wadda ke rataye a shagunanmu ba.

Baban Lami:

Kai jama'a na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri, ban zaci zan samu haka ba. Malam na tambayi uwarta tana tankaɗe, ko ɗago kai ba ta yi ba ta ce watan cika-ciki ne, kwana tara ko goma bayan Ashura, ranar Alhamis da hantsi, shi ya sa ma ake ce mata Lami, wai ni da na yanka ragon ban sani ba. To Muharram ke nan ba Safar ba, za ta rubuta yadda ka ce.

Mun zauna bayan isha'i da fitilar waya don kuran ya ɗauke, ta zaɓi Shehu da Becquerel da Nero, Eiffel ta ce kowa ya san hasumiya ba abin da za ta ƙara. Ni na so a cire Nero amma ta nace wai shi ne zai hana ƴan aji barci. Bagobira an saka Tsibiri, har ta ja mishi layi da jan biro. Yanzu rigimar da ta ɗauko mini ita ce sai na kai ta Maratta ta gani da idonta in an yi hutun ƙarshen Disamba. Ɗan Galmi in an sauka tashar Galmi ta ina ake bi, kuma ana samun ɗan kabu-kabu ko sai na zo da babur ɗina?