Neman shawara: yaushe ake girbe tabar wiwi da aka shuka a gida, kuma yaya ake datse ta?

Mai tambaya:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina zaune ne a Jamus, inda tun ranar 1 ga Afrilu, 2024 doka ta amince wa wanda ya kai shekara 18 ya shuka tabar wiwi har tushe uku a gidansa domin amfanin kansa. Na fara da wannan bayani ne domin kada a ɗauka ina neman hanyar karya doka. A bana na shuka tushe uku a cikin tukwane a barandar gidana, biyu sun yi kyau sosai, ɗaya kuwa ya tsumbure. Sun fara fure kimanin mako bakwai da suka wuce, kuma siraran gashin da ke jikin furen, waɗanda da farare ne, yanzu kusan rabinsu sun koma ruwan ƙasa sun nannaɗe. Abin da ya dame ni shi ne sanyi ya fara shigowa, ana yawan yayyafi, kuma ina tsoron kada wahalar wata biyar ta tashi a banza. Shin in yanke yanzu ko in ƙara jira? Idan na yanke, kafin shanya ake datse ganyen ko bayan ya bushe? Ban taɓa yin wannan aiki ba, don haka ina roƙon wanda ya sani ya yi mini bayani dalla-dalla.

Amsa ta farko:

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ni a Kanada nake, inda aka halatta abin tun watan Oktoba na 2018, kuma dokar tarayya ta yarda da tushe huɗu ga kowane gida, don haka na ga girbi da dama. Abu na farko da zan gaya maka shi ne kada ka dogara da launin gashin nan kaɗai. Yana kama da gemun masara, wanda yakan nuna cewa lokaci ya kusa amma ba ya tabbatar da cewa ƙwaya ta nuna. Iska mai ƙarfi, ko zafi, ko ma yawan taɓa furen da hannu suna iya sa gashin ya canza launi tun lokaci bai yi ba.

Abin da ake dubawa shi ne ƙananan ƙwayoyin danƙon da suka lulluɓe furen kamar an barbaɗa masa sukari, waɗanda masana tsirrai ke kira tirikom. A cikinsu ne sinadaran shukar suke taruwa, da kuma man da ke ba ta ƙamshi. Ido kawai ba ya iya bambance su, sai ka nemi gilashin ƙara girma irin na masu duba zinariya, mai ninka abu sau 30 zuwa 60. Idan ka duba za ka ga kowace ƙwaya tana da siririn wuya da ɗan kai kamar na fil. Da farko kan yakan kasance garau kamar ɗigon ruwa, wannan alama ce ta cewa shukar ba ta gama aikinta ba. Daga nan sai ya dushe ya koma fari kamar madara, sannan daga bisani ya rikiɗe zuwa launin zuma, wanda ke nuna cewa sinadarin ya fara tsufa yana lalacewa. Yawancin masu shuka suna yankewa ne lokacin da mafi yawan ƙwayoyin suka zama farare, kaɗan daga ciki kuma suka fara komawa launin zuma.

Ka kula da inda kake dubawa, domin a nan ne sabon shiga yakan ruɗe. Ƙwayoyin da ke kan ƙananan ganyen da suka leƙo daga cikin furen sukan riga na jikin furen canza launi, don haka jikin furen kansa za ka duba, a sama da tsakiya da ƙasa. Sau da yawa furen da ke ƙololuwa, inda rana ta fi bugawa, yakan riga na ƙasa nuna da kwanaki, kuma babu abin da ya hana ka yanke na saman ka bar na ƙasan ya ƙara mako guda. Irin da aka fi shukawa yakan ɗauki mako 8 zuwa 10 yana fure, wasu masu siraran ganye ma sun fi haka, saboda haka a mako na bakwai ina kyautata zaton akwai saura. Shi kuwa tushen da ya tsumbure, ka yi masa hukuncinsa shi kaɗai, kada ka yanke shi don kawai ka yanke 'yan'uwansa.

Amsa ta biyu:

Bayanin da ya gabata daidai ne, amma ina ganin an wuce abin da ya fi muhimmanci a tambayar, wato yayyafin da mai tambaya ya ambata. Fure mai cunkoso idan ya haɗu da sanyi da danshi, funfuna ce take kama shi, musamman mai launin toka da ake kira botiraitis, wadda kuma take kama inabi. Muguntarta ita ce daga ciki take farawa, kusa da kara, ta yadda waje yana nan kore shar alhali ciki ya riga ya ruɓe. Alamar da za ka fara gani ita ce wani ɗan ganye guda a jikin furen ya yi yaushi ya koma ruwan ƙasa ba tare da dalili ba, kuma idan ka ja shi sai ya zare cikin sauƙi. Ka buɗa manyan furannin a hankali kowace safiya ka leƙa. Idan ka ga wani abu kamar auduga mai toka-toka, ka yanke wurin har da ɗan lafiyayyen da ke kewaye da shi, ka sa a leda ka zubar, ka goge almakashin kafin ka taɓa wani reshe. Idan kuma ta bayyana a wurare da yawa, to ka daina jiran launin madara, ka girbe abin da ya rage.

Kada kuma ka yarda da masu cewa a kankare wurin da ya yi funfuna a yi amfani da sauran, ko a wanke shi. Shaƙar ƙurar funfuna tana cutar da huhu, kuma akwai nau'in da ake kira asfajilas wanda yake da haɗari ƙwarai ga mai asma ko mai raunin garkuwar jiki. Tunda a tukwane suke, ka ja su jikin bango inda ruwa ba ya kai wa, ka raba tsakaninsu domin iska ta ratsa.

Amsa ta uku:

Game da datsewa, hanya biyu ce, kuma kowace tana da masu kare ta kamar gadon gidansu. A duka biyun ana fara cire manyan ganyen nan masu kama da tafin hannu, domin ba su da danƙon kirki. Saɓanin yana kan ƙananan ganyen da ke manne da furen. Wasu suna datse su nan take shukar tana ɗanya, saboda a lokacin ganyen a miƙe yake, almakashi yana samunsa cikin sauƙi, kuma furen da aka tuɓe yakan bushe da wuri. Wasu kuma suna rataye reshen da ganyensa, sai ya bushe sannan su datse, domin ganyen yana rufe furen ya hana shi bushewa da gaggawa, wanda hakan ke taimakawa wajen riƙe ƙamshi.

Ni dai ban ga dalilin musun ba, domin ɗakin da za ka shanya ne yake yanke hukunci. Idan iskar ɗakin busasshiya ce, ka bar ganyen sai daga baya. Idan kuwa da danshi, kamar yadda na fahimta daga bayaninka, ka datse tun da ɗanyensa, ka kuma rarraba manyan furannin zuwa ƙanana domin kada ruwa ya maƙale a tsakiyarsu. Ka nemi ƙaramin almakashi mai tsini, ka sa safar hannu ta roba domin danƙon ba ya fita da ruwa da sabulu cikin sauƙi, ka ajiye sifirit kusa da kai na goge bakin almakashin idan ya danƙare. Ka riƙe reshen ta kara, ka riƙa juya shi, kada ka damƙi furen da hannu, domin duk danƙon da ya tsaya a yatsunka daga jikin furen ya fito. Kuma ka shirya zama, domin aiki ne mai cin lokaci da gajiyar da wuya, tushe guda mai kyau yana iya cinye maka yamma guda cur.

Wajen shanya, duhu ake so, ba rana ba, domin haske da zafi suna lalata sinadarin da ƙamshin baki ɗaya. Ka rataye rassan kai ƙasa a kan igiya ba tare da sun taɓa juna ba, a ɗaki mai sanyin digiri 15 zuwa 21 a ma'aunin Selshiyas, danshin iska kuma wajen kashi 55 zuwa 65 cikin ɗari. Ƙaramin ma'aunin danshi zai raba ka da kintace. Ka kunna fanka ta riƙa motsa iskar ɗakin, amma kada ka saita ta kan furen. Yakan ɗauki kwana 7 zuwa 14, kuma gwajin shi ne ka lanƙwasa ƙaramin reshe: idan ya karye ya ba da ƙara ya bushe, idan ya tanƙware kawai akwai saura. Kada gajen haƙuri ya kai ka ga ɗora shi a kan hita ko sa shi a tanda.

Amsa ta huɗu:

Ɗan'uwa, tunda a Jamus kake, akwai abin da ya kamata ka lissafa tun kafin ka ɗauki almakashi. Dokar da ta ba ka tushe uku ita ce kuma ta ƙayyade cewa abin da za ka ajiye a gida kada ya wuce giram 50 na busasshe, kuma ba ta yarda ka ba wani daga abin da ka shuka ba, ko da kyauta ne. Fure yakan rasa kusan kashi uku cikin huɗu na nauyinsa idan ya bushe, saboda haka giram 200 na ɗanye zai dawo wajen giram 50. Tushe biyu masu kyau suna iya zarce wannan, don haka ka sami sikeli, ka san cewa rarar ba ta ajiyewa ba ce. Haka kuma dokar ta wajabta maka ka killace shukar da amfaninta daga yara da baƙi, wato ɗakin shanyar ya kasance mai kulle. Ga sauran masu karatu kuma, wannan magana ta shafi inda doka ta yarda ne kawai, domin a yawancin ƙasashen duniya, har da Nijeriya da Nijar, shuka ko tushe guda laifi ne da ake ɗaure mutum a kansa.

Mai tambaya:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na samo gilashin na duba, kuma lallai yawancin ƙwayoyin suna nan garau, farare ba su kai rabi ba, da na bi launin gashin da na yi ɓarna. Amma da na buɗa babban furen tushe na biyu sai na tarar da funfunar da aka kwatanta a wuri guda, na yanke na zubar, na kuma ja tukwanen ƙarƙashin rufi. Abin da ban gane ba shi ne, idan reshe ya karye kamar yadda aka ce, shi ke nan an gama?

Amsa ta uku ta ƙara da cewa:

Ba a gama ba, saura mataki guda. Ko da waje ya bushe, akwai sauran laima a tsakiyar furen, kuma ana so ta fito a hankali ta daidaita. Ka cire furannin daga rassan ka zuba su a kwalbar gilashi mai murfi, ka cika ta zuwa kashi uku cikin huɗu kawai ba tare da dannawa ba, ka ajiye a wuri mai duhu da sanyi. A makon farko ka riƙa buɗe ta sau ɗaya ko biyu a rana na 'yan mintuna, kana girgiza ta kaɗan domin kada su manne. Idan ka jefa ƙaramin ma'aunin danshi a ciki, abin da ake nema shi ne kashi 58 zuwa 62. Idan ya haura 70, ko ka ga gumi a jikin kwalbar, ko ka ji wari mai kama da na fitsari, to bai bushe ba ka rufe shi, sai ka juye shi a kan takarda ya ƙara shan iska kwana ɗaya ko biyu. Bayan makon farko buɗewa sau ɗaya a 'yan kwanaki ta isa, kuma cikin mako 2 zuwa 4 warin ɗanyen ciyawa zai gushe. Tunda tushenka na biyu ya riga ya nuna funfuna, ka ba shi igiyarsa daban da kwalbarsa daban, ka kuma riƙa fasa fure ɗaya daga cikinsa kana duba tsakiya duk lokacin da ka buɗe murfin.